Kwalta, Fenti Ko Kaki: Me Ya Dace Da Jirgin Ruwa?

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙasar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu. Da ya yi zurfi kamar mita 5, sai ya ci karo da wani icce mai tauri. Ashe kwale-kwale ne. Masana suka zo suka tono shi a 1994. Da suka auna shekarunsa, suka ce ya kai wajen shekara 8,000. Tsawonsa ya ɗara mita 8. A duk Afirka ba a taɓa samun jirgin ruwa da ya kai shi tsufa ba.

To, ga abin tambaya. Yaya icce ya yi wannan daɗewa bai ruɓe ba, alhali jirgin katakon da ake fito da shi yau yakan fara lalacewa cikin 'yan shekaru? Amsar ba ta da wuya. Na Dufuna yana binne ne cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Iska ba ta kai gare shi, rana ba ta dukansa. Jirgin aiki kuwa kullum yana tsakanin jiƙa da bushewa. Ƙasansa na cikin ruwa, samansa na cikin rana, cikinsa kuma ruwan sama na kwana. Wannan ne ke cin katako.

Mai jirgi ba zai binne jirginsa ba. Abin da zai iya shi ne ya yi masa fata, watau ya shafa masa abin da zai tare ruwa da rana. Amma kowane jirgi da irin fatar da ta dace da shi. Kuma fata ba ta da amfani in naman da ke ƙarƙashinta ya ruɓe.

MAƘIYAN KATAKO

Katako yana da hali irin na soso. In ya sha ruwa sai ya kumbura. In ya bushe sai ya tsuke. Ba ta tsawo yake tsukewa ba, ta faɗi ne. Shi ya sa da hunturu ƙyauren katako yakan yi giɓi, da damina kuma ya ƙi rufuwa. Haka allunan jirgi suke. Kumburi da tsukewa su ne ke buɗe mahaɗar alluna, su sassauta ƙusoshi, su fasa fenti.

Ruɓa kuwa aikin fumfuna ne, irin wadda ke kama tuwon da ya kwana biyu a rufe. Abu uku take so: danshi, da iska, da ɗumi. In aka hana ta ɗaya daga ciki, ba ta da ta yi. Masana sun ce katakon da ruwan cikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, fumfuna ba ta iya cinsa. Saboda haka ba ƙasan jirgi da ke nutse kullum ne ya fi saurin ruɓewa ba. Wuraren da suka fi haɗari su ne daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, da ƙarƙashin katakon da ake takawa, da inda haƙarƙarin jirgi ya haɗu da alluna, da goshi da gindi inda bakin katako ke shan ruwa kamar lagwani. Ruwan saman da aka bari ya kwana a ciki ya fi ruwan kogin da ke waje ɓarna. Ƙoƙon kwarfe ruwa, duk da ba a ɗauke shi a bakin komai ba, yana ƙara wa jirgi kwana.

Sai gara, wadda ke jiran a ajiye jirgi a kan ƙasa. Sai tsatsa, wadda ke cin ƙusa daga ciki. In aka ga jan zane yana gangarowa daga kan ƙusa kamar hawaye, to, ƙusar ta fara ƙarewa, katakon da ke kewaye da ita ma yana laushi.

Itatuwa ma ba ɗaya suke ba. Maɗaci da kawo da loko suna jure ruwa. Rimi ba shi da nauyi, yana da daɗin sassaƙa, amma yana saurin ruɓewa. Kuma a kowane icce, farin gefe yakan riga jan tsakiya lalacewa. Wanda jirginsa na icce mai laushi ne, sai ya fi kowa kula da shafi.

KAFIN A SHAFA KOMAI

A nan ne yawancin aikin yake, kuma a nan ne aka fi yin ha'inci. Shafa fenti aikin yini ɗaya ne. Shirya jirgi ya karɓi fentin yakan ci mako biyu ko fiye.

Da farko a fid da jirgi daga ruwa. A ɗora shi a kan gungume ko duwatsu, don iska ta ratsa ƙarƙashinsa, gara kuma ta rasa hanya. A wanke shi ciki da waje. A kankare gansakuka da laka da ƙamshin kifi da man inji. A cire katakon da ake takawa, a duba abin da ke ƙasa. Sa'an nan a bar shi ya bushe a inuwa, ƙarƙashin bishiya ko rumfar zana. Kada a shanya shi a tsakar rana kamar hatsi. Zafin rana yakan busar da waje da sauri ya bar ciki a jiƙe, sai katako ya tsattsage.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina. Amma kowane wuri da yanayin ruwansa. A Yawuri da sauran garuruwan bakin Kwara, kogi yakan kawo ruwa sau biyu a shekara, ɗaya da damina, ɗaya cikin sanyi. Mai fito da masunci kowa ya san watan da aikinsa ke raguwa. Wannan watan ya kamata ya ware tun da wuri, ya kuma fara tara kuɗin kayan aiki kafin ya zo.

Yaya za a san katako ya bushe? Ga dabara mai sauƙi. A sami 'yar leda mai faɗin tafin hannu biyu. A manna ta a jikin katakon, a liƙe gefunanta da salatif. A bar ta ta yini. In aka ga gumi a cikin ledar, ko wurin ya yi duhu, to, da sauran ruwa. A ƙara haƙuri. Fentin da aka shafa a kan jiƙaƙƙen katako yakan yi ƙuraje, ya ɓare. Abin da ya fi wannan muni, yakan kulle ruwan a ciki, fumfuna ta samu ɗaki.

Bayan haka sai bincike. A ɗauki 'yar guduma a bi jirgi allo-allo ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen katako yana amsawa da ƙarfi, ƙwas-ƙwas. Ruɓaɓɓe kuwa muryarsa a dushe take. Duk inda aka yi shakka, a soka tsinin wuƙa. In wuƙa ta shige kamar ana soka dafaffiyar doya, wannan allo ya gama aiki. Babu kwaltar da za ta mai da shi, babu fentin da zai ba shi ƙarfi. Sai a kira maƙerin jirgi ya yanke wurin, har ya shiga cikin mai lafiya kaɗan, ya sa sabo. In za a sake ƙusa, a nemi wadda aka yi wa farin rufi don hana tsatsa. Ta fi tsada, ta kuma fi arha, domin ba a saye biyu.

Akwai wata al'ada ta buga gwangwani ko guntun kwano a kan tsaga. A tsakiyar tafiya, wannan agaji ne. Amma ba gyara ba ne. Ruwa yakan laɓe a bayan gwangwanin ya yi ta cin katako ba wanda ya gani. Lokacin babban gyara a ɓamɓare kowane faci a ga abin da ya ɓoye.

Wannan magana ba ta ado ba ce. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ya tsage a Kogin Kwara kusa da Warra, a ƙasar Ngaski ta Jihar Kebbi. Yana ɗauke da mutum fiye da 150, kaɗan ne suka tsira. Hukuma ta ce lodi ya yi yawa, jirgin kuma tsoho ne marar ƙarfi. Allah Ya jiƙansu. Fasinja ba ya ɗaukar guduma ya ƙwanƙwasa jirgi kafin ya shiga. Abin da idonsa ya gani shi yake yarda da shi. Don haka wanda ya lulluɓe ruɓaɓɓen allo da sabon fenti, ko don ya sayar, ko don ya ja fasinja, ya ɗauki alhakin rayuka. Haka kuma mai sayen tsohon jirgi, in ya ga fenti yana ta ƙyalli, ya tambayi dalili, ya kuma zo da wuƙarsa.

TOSHIYA DA KWALTA

Mahaɗar alluna ita ce ƙofar ruwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙwaƙule tsohuwar toshiyar da ta ruɓe. A murza auduga ko abawa kamar igiya, a cusa ta cikin mahaɗar da ƙarfe mai faɗin baki marar kaifi, ana bugawa a hankali. Kada a danna ta har ƙarshen ƙarfi. Katakon ya bushe ne yanzu, in ya koma ruwa zai kumbura. In babu wurin kumburi, sai ya ture ƙusa ko allon ya lanƙwashe. A bar ɗan rami a saman audugar, inda kwalta za ta zauna.

Kwalta tsohuwar abokiyar masu jirgi ce. Tana da arha, ruwa ba ya ratsa ta, tana kuma bin motsin katako ba ta saurin fashewa. Wurinta shi ne ƙasan jirgi da mahaɗai, watau duk inda ke cikin ruwa. A sama kuwa tana da illa. Baƙi yana jan zafi, sai ta yi laushi da rana, ta ɓata tufafin mutane da buhunan kaya, ta kuma gasa katakon. Abu na biyu, fenti ba ya zama a kanta. Ko an shafa fari tas, bayan 'yan kwanaki sai baƙin ya huda ya fito. Saboda haka tun farko a ja layi: daga nan zuwa ƙasa kwalta, daga nan zuwa sama fenti.

A shafa ta siriri, sau biyu. Ta farko a ɗan tsinka ta da kananzir don ta shiga cikin katako. Kwalta mai kauri kamar ƙosai takan tsage, ruwa ya shiga bayanta.

Narka kwalta aiki ne mai haɗari, kuma yara suna son kallonsa. A kore su nesa. A hura wuta can gefe, nesa da jirgi da ciyawa da jarkar mai. Kada tukunya ta wuce rabi. Kada ɗigon ruwa ya faɗa ciki, domin kwalta mai zafi takan yi tsartuwa ta fallatsa. In za a zuba kananzir, a sauke tukunya, a kai ta nesa da wuta, a bari ta ɗan huce tukuna. Fetur kam ba shi da wuri a wannan aiki ko kaɗan. In tukunya ta kama wuta, a rufe ta da murfin ƙarfe ko a zuba yashi, ba ruwa ba. Wanda kwalta ta zubar wa a jiki, a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi har minti 20. Kada a ɓamɓare kwaltar daga fata, kada a shafa manja ko ƙwai. A kai shi asibiti.

Wasu suna shafa baƙin mai, watau wanda aka juye daga inji, don ana samunsa kusan kyauta. Gaskiya ne yana korar ƙwari na ɗan lokaci. Amma ba ya bushewa. Yana sa santsi inda mutane ke takawa. Yana wankewa cikin ruwan da ake sha, ake kuma kama kifi a ciki. Yawan taɓa shi yana cutar da fata. Kuma katakon da ya sha baƙin mai ba ya sake karɓar fenti ko gam. Araha ba ta ado.

FENTI

Fenti iri biyu ne a kasuwa. Akwai na ruwa, wanda ake shafa wa bangon ɗaki. Akwai na mai, mai ƙyalli, wanda ake tsinkawa da tina ko kananzir. Na bango ba na jirgi ba ne, ko da mai kanti ya ce, “Alhaji, duk ɗaya ne, wannan ma ya fi sauƙi.” Na mai za a saya. In an sami wanda aka yi musamman don jiragen ruwa, ya fi, sai dai tsada. Wanda ya koyi karatu ya karanta jikin gwangwanin da kansa, ko ya sa a karanta masa. A nan ake rubuta abin da za a tsinka shi da shi, da awa nawa yake ɗauka kafin ya bushe.

Launi ma yana da aiki. Fari da sauran launuka masu haske suna mai da zafin rana, katako ya zauna da sanyi. Ana kuma hango su daga nesa in wani abu ya faru.

A goge katako da samfefa har ya yi sumul, a share ƙurar. Nan akwai gargaɗi. Wasu tsofaffin fenti, musamman ja da rawaya, suna ɗauke da dalma. Mutanen Zamfara sun ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Ta fenti ma dalma ce. A jiƙa tsohon fenti da ruwa kafin a kankare shi, don kada ya yi ƙura. A rufe hanci da baki. A tattara ɓawon a binne nesa da kogi da rijiya. A wanke hannu kafin a ci abinci. Gwangwanin fenti kuma kada ya zama gugar rijiya ko mazubin fura.

Shafi uku ake yi. Na farko a tsinka shi sosai, don katako ya sha ya ƙoshi. A ba bakin alluna da kan ƙusoshi kaso mai yawa. In ya bushe, a cike ƙananan ramuka, a ɗan goga samfefa, a yi na biyu. Washegari ko jibi a yi na uku. Siriri uku sun fi mai kauri ɗaya nesa ba kusa ba. Mai kauri yakan bushe a sama ya bar ciki ɗanye, sai ya yi tamoji. A yi shafi da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kafin iskar hunturu ta taso da ƙura. Kada a yi da yamma liƙis, raɓar dare za ta kashe ƙyallin.

Fenti nawa za a saya? Ga lissafi. A ce tsawon jirgi mita 10 ne. A zagaya igiya daga wannan baki, ta ƙarƙashi, zuwa wancan baki, a ce ta ba da mita 2. Goma sau biyu, 20. Wannan shi ne faɗin waje, murabba'in mita 20. Murabba'in mita ɗaya shi ne fili mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi. Ciki ma kamar haka ne, an sami 40 ke nan. Lita ɗaya ta fenti takan rufe kamar murabba'in mita 10. A raba 40 gida 10, an sami lita 4, watau galan ɗaya a kowane shafi. Shafi uku, galan uku. In ƙasan jirgi kwalta za a sa, sai a rage. In katakon sabo ne, sai a ɗan ƙara, domin sabo ya fi sha. Kowane mai jirgi ya auna nasa ya yi wannan lissafi kafin ya tafi kasuwa.

Kafin a rufe gwangwani, akwai sauran aiki ɗaya, kuma shi ne mafi amfanin abin da fenti zai yi. A zauna da Sarkin Ruwa da ma'aikatan hukumar kula da hanyoyin ruwa, wadda ake kira NIWA, a tsai da iyakar lodin jirgin. A ja layi mai kauri da jan fenti a jikinsa, dama da hagu. In ruwa ya taɓa layin, lodi ya isa. A kuma rubuta yawan mutanen da zai ɗauka da manyan lambobi, inda kowa zai gani. A watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari, a Bagwai ta Jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Lodi ne ya yi yawa. In lamba tana rubuce, ko tsohuwa mai zuwa kasuwa tana iya ƙirgawa ta ce, “Ɗan nan, ai mun cika.”

JIRGIN FAIBA

Yanzu jiragen faiba suna ƙaruwa a koguna da madatsun ruwa, hukumomi kuma suna kira a koma gare su. Ana yin su ne da zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin gam, ya daskare ya yi tauri. Ba sa ruɓewa, gara ba ta cinsu. Wannan ya sa wasu ke zaton ba sa son kulawa. Ba haka ba ne.

A wajen jirgin faiba akwai wata fata mai santsi da launi, ana kiranta jelkot. Kaurinta kamar rabin milimita ne, watau kamar farce. Ita ce ke tsare zaren da ke ciki. Rana ce babbar maƙiyiyarta. A hankali take cinye ta, launi ya dushe. In aka shafa tafin hannu aka ga ya yi fari kamar an taɓa alli, to, rana ta fara aiki. Kwalta da baƙin mai ba su da wuri a nan. Abin da ake shafa wa wannan fata iri uku ne.

Na farko kaki, irin wanda ake goge mota da shi. Mai kyau ana yinsa da kakin ganyen wata bishiya mai kama da giginya da ke ƙasar Barazil, sunanta karnuba. Wani zai ce, ga kakin zuma a gida, me ya sa za a sayi na waje? Dalili shi ne zafi. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63, na karnuba kuwa sai ya wuce 80. Da ranar bazara, kakin zuma laushi zai yi ya kama ƙura. Kaki ya fi sauran arha da sauƙin shafawa, amma ba ya daɗewa. A rana irin ta ƙasar Hausa, wata biyu ko uku ya tafi.

Na biyu shi ne wanda masu kanti ke kira silan. Ruwa-ruwa ne, a masana'anta ake haɗa shi. Yadda ake shafa kaki haka ake shafa shi, amma ya fi kama jiki, yakan kai kamar wata shida. A lura, akwai wani abu dabam mai wannan suna, wanda ke zuwa cikin bututu kamar man goge baki, ana toshe tsaga da shi. Wancan na toshiya ne, wannan na shafi. A faɗa wa mai kanti aikin da za a yi.

Na uku shi ne siramik, ana iya ce masa ruwan tangaran. Yana zuwa cikin 'yar kwalba kamar ta turare. A cikinsa akwai sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. In aka shafa ya bushe, sai ya zama wani rufi mai tauri, wanda bai kai kaurin gashi ba. Yakan yi shekara ɗaya ko biyu. Amma yana da tsada ƙwarai, kuma ba ya yafe kuskure. Duk dattin da aka rufe da shi ya zauna ke nan. Yana son inuwa, da wuri marar ƙura, da yini guda cur ba tare da ruwa ya taɓa shi ba. Ga jirgin shaƙatawa na masu hali, ya yi. Ga jirgin da ke ɗaukar buhunan masara da awaki da babura, yana goga jiki da duwatsu kullum, kuɗin sun fi amfani in an sayi rigunan ruwa. Kaki ko silan ya wadatar.

Ko wanne aka zaɓa, shirin ɗaya ne. A wanke jirgi tas, a bar shi ya bushe. In fatar ta yi alli, sai an goge allin da man gogewa mai ɗan kaushi, har launi ya dawo. Kaki a kan alli ɓarnar kuɗi ce. Amma kada a mai da gogewar al'ada, domin kowace gogewa tana rage fatar, ita kuwa ba ta tsirowa. Sa'an nan a ɗebi kaki kaɗan a tsumma mai laushi. A shafa a wuri kamar faɗin faifai biyu. A jira ya yi hazo-hazo, a goge da wani tsumma mai tsabta, a matsa gaba. A inuwa ake yi. In jikin jirgi ya yi zafin da hannu ba zai zauna ba, a dakata.

Kada a shafa kaki inda ake takawa ko inda ake dafawa a hau. Santsi a jirgi yana jefa mutum ruwa. Kada kuma a shafa inda za a yi faci, domin gam ba ya kama wurin da ke da kaki. Garin sabulu mai ƙarfi yana wanke kaki, don haka wankin yau da kullum a yi da ruwa da sabulu marar ƙarfi. Gwajin kuwa mai sauƙi ne. A watsa ruwa. In ya dunƙule kamar a kan ganyen gwaza, kakin yana nan. In ya baje ya kwanta, lokacin sabo ya yi.

Duk ukun nan, babu wanda ke toshe yoyo. Aikinsu tare rana da datti ne kawai. In faiba ta tsage har zare ya bayyana, ruwa zai bi zaren ya shiga. Wannan sai faci da sabon zare da gam, a hannun wanda ya iya. A fi lura da bayan jirgi inda ake ɗaura inji. A jirage da yawa akwai katako a ɓoye a cikin faibar wurin. In ruwa ya bi ramin ƙusar inji, katakon yakan ruɓe a ɓoye. A kama injin a girgiza. In bangon yana motsi, ko ruwa mai launin shayi yana fitowa daga ramin, kada jirgin ya ɗauki kowa sai an gyara.

RANAR KOMAWA RUWA

Jirgin faiba, da kaki ya bushe, ya shirya. Na katako kuwa sai an bi shi a hankali. A ba fenti kamar mako guda ya yi tauri. A gwada da farce a wani lungu. In farce ya shiga, da saura. Wajen turawa, a shimfiɗa gungume ko tsofaffin tayoyi, kada a ja shi a kan tsakuwa a kankare aikin mako uku cikin minti uku.

In ya shiga ruwa zai yi yoyo. Kada hankali ya tashi. Katakon da ya bushe sai ya sha ruwa ya kumbura kafin mahaɗai su matse. A ɗaure shi a wuri marar zurfi, babu kaya, babu fasinja. A riƙa kwarfewa ana dubawa. A sami littafi a rubuta ranar da aka yi shafi, da allon da aka sake, da kuɗin da aka kashe. A kuma rubuta ƙoƙo nawa aka kwarfe da safe, nawa da yamma. In lambar tana raguwa, jirgi yana matsewa. In kwana uku suka wuce ba ta ragu ba, a sa alli a yi alama inda ruwan ke shigowa, a sake fid da jirgin, ko da gobe ce ranar kasuwa.